Kada Ya Ga Fitata

"Ku ja labulen tukuna," in ji Inna Wietske.

Masu kawo gadon asibiti suka tsaya da shi a tsakiyar falo. A layinmu, duk wanda ciwonsa ya kai nan, bakin taga ake ajiye masa gado, ya riƙa ganin masu wucewa a kan keke suna ɗaga masa hannu.

Na ja labulen. Gidana ne manne da nata, ni ke kawo mata miya tun da likita ya ce babu sauran magani. Ba ni da yawan magana. Ta ce shi ya sa take jure ni.

Tsallaken titi, a saman bene, Harmen yake, tsohon mijinta. Bayan rabuwarsu ya kama hayar ɗakin da ke kallon falonta, ya kafa kyamara a taga. Ranar da gashinta ya zube ya turo mata saƙo a waya: hular nan ba ta karɓe ki ba.

Kotu ta ba da umarni ya cire kyamarar, ya daina turo saƙo. Ya cire. Washegari ya jawo kujera daidai wurin, ya zauna da kofin gahawa a hannu.

Na kira lauyarta. Ta ce kyamara aka hana, ba a hana mutum zama a ɗakinsa ba. Sai an koma gaban alƙali a nemi a raba shi da layin, kuma ba za a zauna ba sai wata mai zuwa.

"Wata mai zuwa!" Inna Wietske ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Su aiko min da amsar can maƙabarta, ina can, ba inda za ni."

Jelle mai gyaran keke yana tsaye bakin ƙofa, hannu duk baƙin mai.

"Inna, ki ce min to kawai. In hau benen nan in miƙe masa wuya."

"Kai da facin taya ma sai ka yi sau biyu? Zauna, sarkin cika baki. Ka taɓa shi, shi za a ba takarda a kanka."

Falon ya zauna cikin duhu-duhu, furannin bakin taga suka bushe. Kullum in na shigo sai ta ce, "Yana nan?" In leƙa ta gefen labule. Yana nan.

Wata safiya ta kama hannuna. Nata ya zama kamar kara.

"Fenna, 'yar nan. Yana da hotona ina amarya, yana da wanda na fito ido a kumbure. Wannan ɗan abin da ya rage nawa ne. Kada ya ga fitata."

Ta cika kafin ranar kotun.

Masu ɗaukar gawa suka ce lungun baya ya yi ƙunci, dole sai ta ƙofar gaba. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, na bi layin ƙofa-ƙofa ina ƙwanƙwasawa. Ban san abin da na faɗa ba. Sun dai fito.

Ko gajimare babu a sama, amma kowa da lemarsa. Muka jeru kafaɗa da kafaɗa daga ƙofarta zuwa bayan motar ɗaukar gawa, muka buɗe, muka karkata su wajen benen. Inda ya rage ɗan tsaga, Jelle ya toshe da ƙaramar lemar 'yarsa, ruwan ɗorawa.

Na ji tagar sama ta buɗe.

"Wietske!"

Ba wanda ya waiga. Aka wuce da ita ta gabanmu cikin inuwa, aka rufe mota.

Motar ta sha kwana, mu muna tsaye, rana na dukan bayan lemominmu.