Talotalon Baba Na Ƙetare

"Riƙe mini ƙafar nan, 'yar nan."

Na jingine tsintsiya na zagaya gidansa. Baba na ƙetare, maƙwabcinmu, yana tsugune gaban wata talotalo da ta mutu da safe, ya riga ya farke cikinta. Hantar duk ta yi tabo, zagaye-zagaye, rawaya, kamar an ɗana mata wuta.

"Irin na jiya ne," in ji shi. "Sai ki ga ta saki fukafuki, ta daina ci. Shi ke nan."

Matarsa ce ta fara kiwon. Ba ta taɓa ba su maganin kanti ko abincin buhu ba, sai ciyawa da dusa da tafarnuwa a ruwan sha. Da ta rasu ya ci gaba yadda ta bari, ko kwanon ruwansu bai gusar ba.

Likitan dabbobi ya zo, ya duba hantar, ya zagaya filin.

"Baba, cutar tana cikin ƙasar nan. Sai dai a canja musu wuri."

"In kai su ina? Nan ta bar mini su."

Shi kansa ba lafiya gare shi ba. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, daga ɗaki zuwa akurki sai ya tsaya hutu. Na ce ya je asibiti, ya yi dariya.

"Ni ai tsohon zakara ne, ko tukunya ta gaji da ni."

"To bari in kira 'yarka."

"Kar ki tada mata hankali, tana da aikinta."

Na kira ta dai. Gari mai nisa take, ta ce tana neman izini a wurin aiki.

Da ya kwanta, ya sa mijina ya jawo gadonsa bakin taga. Ni nake zuba wa talotalon dusa, kullum suna raguwa. A da in ya yi fito, sai mazan su ɗauki kuka gaba ɗaya har yarana su farka. Rannan ya tara leɓe, iska kawai ta fito.

"Yi musu, 'yar nan."

"Baba, ban iya ba."

"Gwada dai."

Na gwada. Abin da ya fito ko ni ya ba ni kunya. Amma can bayan akurki guda ɗaya ya amsa, da dusasshiyar murya. Baba ya lumshe ido.

"Matata ma ba ta iya ba," ya ce. "Amma ita suka fi amsa wa."

Washegari da hantsi na kawo masa ruwan zafi, na tarar ya cika, fuskarsa na kallon taga. 'Yarsa ta iso da yamma. Ta daɗe tsaye a ƙofar ɗakin da jakarta a kafaɗa.

Sauran talotalon ma ba su daɗe ba suka mutu. Ranar da 'yar tasa za ta koma muna share filin, ta ture wata tsohuwar randa, sai ga ƙwai a kwance cikin ciyawa, manya, masu ɗigo-ɗigo.

"Za su ƙyanƙyashe kuwa, Yaya?" ta tambaye ni.

"Ban sani ba. Amma ƙasarku daban ce."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko hularsa, ta jera su a ciki. Na raka ta bakin titi. Da motar ta tashi na hango ta ta gilashi, ta ɗora hular a cinya, ta rufe ta da tafukanta biyu.