Baƙar Jakar da Hudu Ya Ɗaga

…kuma saboda haka ne, ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah ya hore wa haƙurin zama da takarda a zamanin da kowa ke latsa waya, nake roƙonka ka sassauta wa wannan alƙalami. Shekara hamsin da ɗoriya ya yi yana gina jimla mai kai da ƙafa. An horar da shi a makarantar da ake bulala a kan waƙafi, inda aka kuma koya mana cewa mai rubuta rahoton taro ba ya tura kansa gaba, sai dai ya ambaci kansa kamar yadda zai ambaci wani. Zan kiyaye wannan ladabi. Abin da ba zan ɗaukar maka alkawarinsa ba shi ne tsari, domin abin da ya auku ranar Lahadi bayan la'asar, a zauren da ƙungiyarmu ta Hausawan Greensboro take taron wata-wata a bayan titin Elm, bai zo da tsari ba, bai kuma wuce ba. Da na rufe ido sai ya soma. Ga shi nan ma.

Malam Ma'aruf, shugaban ƙungiya, mai shekara saba'in da takwas, yana zaune a bayan tebur yana kallon haƙori. Haƙori ne kuwa. Yana cikin dafa-dukar da ta zube a ƙasa, fari, da jan saiwa… na Hudu ne, direban bas, wanda ke jingine da bango yanzu, tawul a baki, tawul ɗin yana rinewa. Kujerun ƙarfe a kife. Mutum arba'in suna kallo. Matar Hudu, Sakinatou, tana tsaye, waya a hannu, ta riga ta danna lambar 'yan sanda, babban yatsanta yana shawagi a kan abin kira.

"Baba Shugaba, ko ku yi hukunci a nan ina gani, ko su zo su yi."

Wanda za a hukunta yana bakin taga. Saifullahi. Ɗan Malam na fari, wanda bai taɓa kiran sunansa da bakinsa ba saboda kunya irin ta mutanen da. Shekara arba'in yana ce masa kai, yana ce masa wannan. Idan suka zo, da ankwa za su zo. Tsohon soja, ya fasa wa mutum baki a gaban shaidu… za su kifa shi a kan mota, su danna masa kai…

Yaya ma aka fara? Da shayi aka fara. Kullum da shayi. Wani ya ce ya ji a labarai har yau da sauran mutane a tsare a Guantanamo, sai Hudu ya ajiye kofi ya nuna Tahirou, mutumin Nijar mai shagon kayan abinci, ya ce ga masu laifi nan, 'yan Republican, su suka buɗe shi. Tahirou ya yi dariya, ya ce to ku 'yan Democrat da kuka rantse za ku rufe cikin shekara guda, shekara nawa kuka yi da makulli a aljihu? Hudu ya ce Majalisa ce ta hana. Tahirou ya ce da ƙuri'un wa, ashe babu naku a ciki? Ku ne. A'a, ku ne. Tsohuwar gardama, ta girmi 'ya'yan wasu a zauren… kuma shi Malam yana jin daɗinta, a faɗi gaskiya, yana gyara hula yana jiran a gaji a juyo gare shi, domin shi ne mai wasiƙu. Shekara ashirin yana rubuta wa jarida a kan sansanin nan, da Turancin da ya sha guga. Uku sun fito, suna cikin firam a falonsa a unguwar Sedgefield. Kowace ta kama sunan jam'iyyar da ke da alhaki. Ba tasa ba ce. Bai taɓa samun alhakin a tasa ba.

Sai Hudu ya ɗauki jakar. Baƙar jakar yadi da aka kawo burodi a ciki. Wasa ne — wasa yake, yana dariya, kowa na dariya — ya zagaya bayan Tahirou ya ce bari ka ɗanɗana abin da ka zaɓa, ya zurma masa ita a kai, ya ja igiyar.

Ba a ga tasowar Saifullahi ba. Mutumin da ke zuwa taro ya zauna a kujerar ƙarshe, bayansa a bango, ya ci abinci ya tafi… Ba dambe ba ne, wannan shi ne abin. Malam ya ga dambe, ya ga faɗan kasuwa, akwai fushi a ciki, akwai zagi. Wannan babu fushi. Hannu ɗaya a ƙeya, ƙafa ta share ƙafa, fuskar Hudu ta sauka a kan siminti da ƙara irin ta kwakwa in an fasa. Gwiwa a gadon baya. An murɗe hannu an kai shi tsakanin kafaɗu har wani abu ya ce ƙas. Ya ɗaga kan da gashi ya sake bugawa. Ya sake. Yana ba da umarni da Turanci, da wata murya shimfiɗaɗɗiya wadda ba a gidan Malam ya koye ta ba, kada ka motsa, kada ka motsa, alhali Hudu ba ya motsi… ɗaya hannun kuma yana lalube a ƙugunsa. Yana lalube. Me yake nema a ƙugun kaftani?

Ankwa yake nema.

Iya aiki. Abin da Malam ya gani ke nan, Allah ya yafe masa, iya aiki, irin na wanda ya yi abu sau ɗari. Sau ɗari a kan wa? 'Ya'yan wa? Suna da haƙora su ma…

Ofishin ɗaukar soja, da tuta a ƙofa, da ƙamshin sabon kafet. Shi Malam ya tuƙa motar, ya kai ɗan. Shekara biyu bayan faɗuwar benayen nan biyu da jirage suka daka, lokacin da maƙwabta suka daina ɗaga hannu, lokacin da matarsa Hajiya ta koma sa hula a kan ɗankwali in za ta kasuwa. Ya ce sai an nuna musu. Sai an nuna musu Musulmi ma ɗan ƙasa ne, kuma daga gidan Ma'aruf za a nuna. Ya sa babbar riga ya raka shi. Ya buga hoton ɗan cikin kaki ya rataye — yana nan har yau, dab da wasiƙun uku, bango ɗaya, ƙusa iri ɗaya. Shekara ashirin yana wucewa ta gabansu da kofin shayi. Yaya mutum zai rataye waɗannan biyun a bango ɗaya bai taɓa…

"Baba Shugaba, hannuna ya gaji."

Sashe na bakwai. Rahina, sakatariya, ta buɗe kundin dokokin ƙungiya ta turo masa. Ba ya bukatar dubawa, shi ya rubuta da kansa, ya yi alfahari da jimlar: duk wanda ya zama sanadin zubar da jini a taro zai durƙusa a tsakiyar jama'a, ya sunkuyar da kai, ya nemi gafara, sa'annan a yanka masa tara. Domin kada a kai ƙarar ɗan'uwa wurin hukuma aka yi shi. Domin irin yau. Magana ɗaya ce, durƙusa, yatsan nan ya sauka, kowa ya tafi gida…

Shekara ashirin da suka wuce, waya tana ƙara a falo, layin yana shiii kamar ruwan sama. Muryar Saifullahi: Baba, an kawo ni tsibirin, Guantanamo. Baba, fursunonin sun ga sunana a ƙirji. Akwai wani tsoho, in na zo wucewa sai ya yi mini sallama, ban san ko in amsa ba. Jiya an ce mu shiga mu fito da shi, mu biyar, ni ne a kan ƙafafu… Baba, ina so in ce ba zan iya ba. Za su hukunta ni, amma ina so in faɗa. Me kuka gani?

Me ya gani! Bai amsa a waya ba, waya ba wurin magana mai nauyi ba ce. Ya zauna ya rubuta wasiƙa, shafi huɗu, da alƙalamin tawada. Cewa mutumin kirki ba ya warware rantsuwa. Cewa manufa ta shugabanni ce, kuma za a kayar da su a akwatin zaɓe, shi da kansa zai ga bayan haka. Cewa idon al'umma yana kan gidan nan. Babu kuskure ko ɗaya a cikinta, ya duba sau biyu. Daga ranar ɗan bai sake tambayarsa komai ba. Ya dawo da jakarsa, da rama, da shiru. Aure ya mutu a shekara ta uku. Ba ya kwana a ɗakin da aka rufe ƙofa. Malam kuwa ya sayi sabuwar tawada ya fuskanci jarida…

Ku ne. A'a, ku ne. Wa ya buɗe, wa ya ƙi rufewa. Amma sansani ba ya tsayuwa da takardar shugaba, sai da mai riƙe ƙafafu, mai riƙe ƙafafu kuwa wani ne ya kai shi a mota. Wace jam'iyya ce ta tuƙa motar? Wace Majalisa ce ta lasa ambulan?

Ɗan yana motsi. Ba a ce masa komai ba, ya baro taga, yana tahowa tsakiya, mutane suna darewa. Ya san sashen, a gidansu aka rubuta shi. Ya tsaya kusa da shinkafar. Ya sauka a kan gwiwoyi… ba irin durƙuson gaisuwa ba, ba irin na Kano ba. Ya harɗe idon sawu. Ya mai da hannaye baya ya haɗa wuyansu, kamar akwai abin da ya ɗaure su. Ya sauke haɓa a ƙirji. Malam ya san wannan zama. Duk duniya ta san shi, an gani a hoto, a kan tsakuwa, a bayan shingen waya, cikin tufafi ruwan lemo. Ya rubuta sakin layi guda a kan hoton nan, an yaba masa.

"Saifullahi. Tashi."

Sunan ya fito da ƙyar, kamar ƙaya. Ɗan ya ɗago, bai gane muryar ba, ko sunan ne bai gane ba a bakin nan.

"Baba Shugaba, in bai durƙusa ba wallahi zan kira."

"Za a durƙusa, 'yata. Sashen bai ce wanda ya buga ba. Wanda ya zama sanadi ya ce. Ni na rubuta, na san abin da na rubuta."

Ya sani? Sai yau. Sanda… ina sandar? Tebur ya yi nisa da tsakiya, bai taɓa lura ba. Gwiwar hagu, wadda likita ya ce kada a lanƙwasa, wadda ta sa shekara shida yana sallah a kujera. Tahirou ya miƙo hannu, har yanzu da shatin igiya a wuyansa, a'a. Babbar riga tana jan miya. Siminti yana da sanyi, yana da danshi, danshin nan na Hudu ne. Zafi ya taso daga gwiwa ya soki ƙugu… haka yake ashe? Minti ɗaya ke nan. Su na sansanin awa nawa? Tsohon nan mai sallama, shekarunsa nawa, an amsa masa kuwa?

Yana ba Hudu haƙuri. Yana jin bakinsa yana yi, jimlolin suna fita a karye, babu kai babu ƙafa, wai shi ya kai ɗan aikin soja, wai an tambaye shi ya ce a ci gaba. Hudu yana kallonsa ta saman tawul da ido ɗaya. Ba su fahimta ba, yawancinsu. Suna zaton tsufa ne, ko son ɗa. Wanda zai fahimta yana tsaye a bayansa — yana tsaye kuwa? Akwai iska a ƙeyarsa, wani ya buɗe ƙofa. Ba zai iya waiwayawa ba. Ya fita ne, ko ya matso? Yatsan Sakinatou bai sauka ba, bai kuma danna ba, fuskar wayar tana haske…

Rahina ta sunkuyo, biro a hannu, tana raɗa: "Baba, tarar fa? Me zan rubuta, a kan wa?"

Ya gaji. Bai san yadda zai tashi daga nan ba, ko wa zai ɗaga shi.

"Rubuta: rago ɗaya, a yanka a ƙofar Hudu. A kan Ma'aruf, shugaba. Da wasiƙu uku, a sauke su daga bango."