Zaren Ulu a Wutsiyar Mota

A wani ƙauye da ke gefen birnin Modena na ƙasar Italiya akwai gidan Malagoli: tsoho Ermes da matarsa Dirce, da ɗansu Attilio, da 'yar Attilio mai suna Nives, yarinya 'yar shekara goma. Sana'ar gidan gina motocin yumɓu ce. Kafin a yanka ƙarfen motar gudu, sai an fara gina ƙaramarta, kashi ɗaya cikin huɗu na girmanta, a kai ta ɗakin iska a ga yadda iska za ta bi jikinta. Aiki bai yanke musu ba, tukunyar Dirce ma ba ta taɓa hucewa ba. Abin da suka rasa shi ne idon Ermes. Hannunsa yana nan yadda yake, yana shafa yumɓu ya gane tudun da bai kai kaurin gashi ba, amma in Nives ta tsaya a bakin ƙofa, sai ta yi magana yake sanin ita ce.

A bazarar nan wani ƙaramin kamfani ya ba su aiki. Attilio ya gina gaban motar bisa zanen kwamfuta, Ermes kuwa ya ɗauki wutsiya, ya gangarar da ita sumul kamar bayan cokali. Nives ba ta taɓa ganin abu mai kyanta ba.

A kan abincin rana rigimar ta tashi.

"Baba, wutsiyar nan kyau kawai gare ta," in ji Attilio. "Iska ba za ta karɓe ta ba."

"Kwamfutarka ce ta gaya maka?"

"Ita ce."

"To ka zuba mata romon taliyar tortellini, tunda ita ce babba a gidan nan."

Dirce ta yi dariya, Attilio bai yi ba. Ya ce, "In iska ta ƙi ta, ka ajiye kayan aiki ka huta. Ka yarda?"

Ermes ya daɗe yana juya romo da cokali, sannan ya ce, "Na yarda."

Nives ta ji. Ta san kakanta, wanda take kira Nonno, ba shi da wurin zuwa da safe sai gaban teburin yumɓu.

Ita ma tana da nata aikin a gidan. Ita ke yanka ragowar jan ulun Dirce guntu-guntu, ta manna kowane a jikin motar da salatif ta kai ɗaya, ɗayan kan a bar shi sake. Tun tana ƙarama ta san karatunsa: zaren da ya kwanta, iska ta yarda da wurin, wanda ya hau rawa, iska ta ƙi. Da yamma, da ta zo kan wutsiya, ta waiga ba kowa. Ta ɗauko gam, ta ɗiga ɗan mitsitsi a ƙarƙashin kowane zare, ta danne shi da farce.

Washegari suka loda motar suka tafi. Ɗakin iskan dogo ne kamar cikin bututu, da ƙatuwar fanka a ƙarshensa. Injiniya Gozzi, wata mace mai furfura da ke kula da wurin, ta ɗaure motar a kan ma'aunin da ke ƙarƙashin daɓe, suka koma bayan gilashi. Fanka ta fara gurnani.

"Gaya mini abin da kike gani, sauro," in ji Ermes, da sunan da yake tsokanar Nives da shi.

"Na gaba sun kwanta, suna ɗan karkarwa."

"Na wutsiya fa?"

"Sun kwanta, Nonno."

"Suna karkarwa?"

"Ko motsi ba sa yi!"

Injiniya Gozzi ta ɗaure fuska tana duban na'urarta. "Abin mamaki. Ma'auni yana cewa bayan motar yana ɗagawa, zare kuma yana cewa lafiya lau. Ɗayansu ƙarya yake yi."

Ermes ya roƙi a kashe fankar. Ya shiga yana dafa bango, ya durƙusa, ya bi wutsiyar da yatsa. Ya tsaya a kan zare ɗaya, ya ja shi a hankali, bai taso ba. Bai ɗaga murya ba, ya ce kawai, "Nives, zo ki riƙe ni."

Ta je.

"Aikin nan ya yi tsabta," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Ko ni da ƙyar na ji gam ɗin. Amma zaren da iska ke bi, ko ya kwanta sai ya yi karkarwa. Ki gaya mini, in aka ƙera babbar, wa zai fara hawa da ita kan hanyar gwaji?"

"Loris."

"Baban wa?"

"Baban Gaia." Gaia ce ke zama kusa da ita a aji.

"To. Wannan in bayanta ya ɗaga, yumɓu ne zai tsage, mu ɗumama wani. Waccan in ya ɗaga tana tsananin gudu, Loris ne a ciki."

Nives ta fashe da kuka. "Baba zai sa ka daina aiki."

"Wataƙila. Akwai sauran ulu a aljihunki? Cire waɗannan, sa sababbi."

Ta cire, ta sa, tana share hanci da hannun riga. Attilio yana kallo ta gilashi, ya buɗe baki, Injiniya Gozzi ta taɓa gwiwar hannunsa, ya rufe.

Aka kunna fanka. Zaren wutsiya suka miƙe suna juyi kamar an tsokani tsutsotsi, wasu har suka juya suna nuna gaba. Nives ta faɗa masa duka, ba ta rage komai ba.

Ermes ya gyaɗa kai. Ya ciro ƙarfen da yake kankarar yumɓu daga aljihun gabansa, ya miƙa wa ɗansa. "Alkawari ne."

"Amma ba duka suke hauka ba," in ji Nives, idonta a kan gilashi. "Na sama suna kwance. Daga inda ta fara gangarowa sosai ne suke tashi."

Hannun tsohon da babu komai a ciki ya motsa a iska, yana zana wurin. Attilio ya dubi hannun, ya dubi ƙarfen. Bai karɓa ba. Ya fita, ya dawo da curin yumɓu mai ɗumi daga ɗan tanderun da suka zo da shi.

"Wa ya ce ka huta kafin ka gyara ɓarnarka, tsoho?"

Ermes ya cike gangaren da ya kwashe makonni yana lallashi, ya tayar masa da leɓe a ƙarshe. Aka gwada, Nives ta faɗi inda zare ke rawa, ya ƙara, ya kankare, aka sake. Wutsiyar ta koma kamar ta agwagwa. Amma zaren suka kwanta suna karkarwa, Injiniya Gozzi ta ce ma'auni ya yarda da su.

"Ta yi muni?" Ermes ya tambaya.

"Ta yi muni, Nonno."

"Madalla. Gara da ba na gani."

A hanyar gida Attilio ya ce ranar Litinin za a kawo sabon zane, kuma wutsiya ba ta da mai yi. Ermes ya ce zai duba, in idanunsa sun taso daga makaranta da wuri.

Nives tana zaune a baya, ta dafa motar yumɓun don kada ta zame. A nan ta gane cewa ƙaramar mota ana gina ta ne don kuskure ya fito a jikinta tun babu kowa a ciki, kuma in ana son mutum, abin da zaren ya yi shi ake gaya masa.