Layin Oga

A ofishinmu ba a goge layin da babba ya rubuta. Ba wanda ya kafa dokar, amma kowa ya san ta. Fayil ɗin da ke gaya wa kwamfuta yadda za ta harhaɗa manhajarmu cike yake da zaɓuɓɓukan waɗanda suka yi ritaya, da waɗanda aka kora, har da na wani marigayi. Mafi daraja a ciki shi ne layin Oga, shugaban sashenmu. Ya ƙara shi tun yana ƙaramin ma'aikaci, kuma a cewarsa tun ranar manhajar take gudu kamar an biyo ta da sanda. Har baƙi yake kawowa su gani.

Ni kuwa ina zaman gwaji lokacin da aka ce in sabunta manhajar daga tushe, wato in sauko da sabon rubutunta in harhaɗa da kaina. Oga ya ce in ta tashi kafin la'asar, zai sa hannu a tabbatar da ni. Matata ta riga ta shaida wa danginta an tabbatar.

Na danna, rubutu ya yi ta zuba, sai ya tsaya cak da jan saƙo: ba a san wannan zaɓin ba. Na duba lambar layin. Na Oga ne.

Na yi abin da duk mai son aikinsa zai yi, na nemi laifin kowa ban da shi. Na share komai na sake saukowa. Na zargi intanet, na zargi zafin ɗakin, na jawo fanka na saita wa kwamfutar, ni ina ta gumi. Saƙon bai canja ko ɗigo ba. Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a teburin kusa da ni, ya leƙo ya karanta, ya tuna nan take yana da uzuri a waje.

Da haushi ya ishe ni, na koma na harhaɗa tsohuwar manhajar ina kallon allon da kyau. Ashe ita ma ba ta taɓa sanin layin ba. Wani ɗan gargaɗi take yi a tsakiyar dubban layuka, ta wuce abinta. Tsohuwar manhajar kara ce da ita, sabuwar ce marar kunya. Na cire layin na gwada, gudun ɗaya ne sak. Wallahi na ji tausayin Oga, amma na fi jin tausayin kaina.

Gogewa dai ba zan iya ba, na mayar da shi wurinsa. Sai na sa masa a gaba 'yar alamar nan da ke sa kwamfuta ta tsallake layi, ido yana ganinsa, ita kuwa ba ruwanta. Manhaja ta tashi lafiya lau.

Oga ya zo, ya gyara tabarau, ya gangara kai tsaye wurin layinsa. Ya tambaye ni mene ne wannan ɗan abin da ke gaban layin.

"Kariya ce, ranka ya daɗe. Don kada sabuwar ta taɓa shi."

Ya gyaɗa kai, ya ce dama ya san yaran yanzu ba za su iya yi babu shi ba. Ya sa hannu a tsaye, na karɓi takardar. Har ya kai ƙofa ya juyo da fara'a.

"Af, jibi injiniyoyin babban ofishi za su zo. Na daɗe ina ba su labarin layin nan. Tunda ka fahimce shi haka, kai za ka tsaya gaban allo ka nuna musu yadda yake aiki."