Murhun Inna Chabela

Ranar da masu ginin suka canja wa Inna Chabela murhu ina wurin aiki, ina ninke zannuwan gado a otal. Da na tashi na biya gidanta, na tarar da ita zaune a kicin, ta tsoma hannunta cikin kwanon ruwan sanyi.

Inna ƙanwar mahaifiyata ce. Ciwon suga ya cinye mata ido tun kafin in zo Chicago, amma ita kaɗai take zaune a hawa na uku, kuma da kanta take girki. Tsohon murhunta na lantarki ne, mai makunnai da ake murɗawa. Kowanne ta yi masa tsaga da wuƙa: nan wutar wake, nan wutar tortiya, gurasar masara ta ƙasarmu. Sabon kuwa gilashi ne baƙi, sumul, taɓawa kawai ake yi. Ta yi ta shafawa tana neman makunni, ashe shafawar ce ta kunna shi.

"Wai gyara suka yi mana, 'yar nan," ta ce. "Har cewa suka yi in gode."

Tafin hannun duk ya yi bororo.

Da yamma ɗanta Wilmer ya iso daga Indiana yana huci.

"Mama, magana ta ƙare. Ranar Lahadi zan zo da kwalaye, ki koma wurina."

"Ɗakin nan naka na ƙarƙashin ƙasa? A nan na san hanyar coci, na san ta shago. Can in zauna kamar buhun masara?"

"Gara buhu da gawa. Tunda ba ki iya girki, ba ki iya zama ke kaɗai."

Ni ba mai magana ba ce. A aji uku na bar makaranta, Turancina kuma na otal ne: sannu, na gode, yi haƙuri. Duk da haka washegari na je ofishin Mista Pruitt, mai kula da ginin. Na haɗa kalmomina da kyar, ya saurara yana danna waya.

"Kamfani ne ya ce kowane gida iri ɗaya," ya ce. "Kowa murna yake, sai ku? Ki liƙa mata alama a kan gilashin."

Na so in ce ai laluben alamar ne zai kunna wutar.

"Ko ku riƙa saya mata dafaffe. A shekarunta me ya kai ta girki?"

Na ce na gode. Ni da bakina! Na fito, haushin kaina ya fi nasa.

Ta matakalar baya na bi, sai na hango lungu. Ga tsofaffin murhunan ginin an jera kusa da bola, wani dattijo ɗan gwangwan yana loda su a motarsa. Na sauka da gudu, na bi su ina shafa makunnai har yatsana ya faɗa cikin tsagar Inna. Ban san me zan yi ba, sai na haye na zauna a kai.

"Ke 'yata, ba kujerar coci ba ce," in ji dattijon da harshenmu. Eusebio sunansa. "Sauka, rana tana yi."

"Ba zan sauka ba, Baba."

"To in loda da ke? Ba ki da nauyin da za a saya."

Mista Pruitt ya fito yana tambayar abin da ya tsayar da aiki. Da ya gan ni sai ya yi dariya.

"Ke ce mai na-gode ɗin nan? Sauka, kayan kamfani ne."

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Rabi Turanci, rabi harshenmu, na ce ya rufe idonsa ya hau sama ya dafa ruwan shayi in shi namiji ne. Na ce sun shiga gidan makauniya ba su tambaye ta komai ba, sun ɗauke mata ido na biyu, sun bar mata madubi. Mutane suka firfito barandar baya. Wata ta yi ihu daga sama, "Faɗa masa, Yesenia!" Inna ma ta fito tana bin ƙarfen matakala, ta ɗaga hannunta mai bandeji.

"Yallaɓai, ga godiyata!"

Fuskar Mista Pruitt ta yi ja. "Na ce kayan kamfani ne."

Baba Eusebio ya cire hula ya sosa kai. "A'a, maigida. Abin da aka fitar lungu ya bar hannun mai shi, na wanda ya riga ne. Da haka nake cin abinci, kai ma da haka kake rabuwa da tarkacenka kyauta. Yarinyar nan ta riga ni. Nata ne."

"Sabon ba zai fita daga gidan ba," in ji Mista Pruitt. "Kuma za ku ji daga kamfani."

"Mu ji," na ce. Ban ce na gode ba.

Baba Eusebio da wani maƙwabci suka hau da murhun suna nishi, suna tsine wa wanda ya gina bene ba lifta. Sabon muka tura falo. Inna ta rufe shi da zane, ta ɗora tukwanen furanninta.

Ranar Lahadi Wilmer ya zo da kwalayensa. Ya tarar da uwarsa tana juya tortiya da hannun hagu. Ya tsaya a ƙofa, ya dubi murhun, ya dube ni.

"Ke ce kika yi wannan? Ke da ko gaisuwa sai an matso?"

"Zauna ka ci," in ji Inna, "ko ka tsaya kamar buhun masara."

Ya ci biyar, ya mayar da kwalayen mota. Kamfani bai ce komai ba tukuna. Ni dai har yau in na wuce ofishin nan sai haushin ya dawo mini sabo.