Sautin Da Ya Rage Wa Genzo

"Ɗaga ta ɓangarenka mana, Heihachi! Ni kaɗai ka bar wa nauyin?"

"Ina ɗagawa, Sachie. Ke ce gajera."

Muna tsakiyar matakalar dutse da ke hawa unguwarmu, injin karaoke a tsakaninmu, wayarsa na jan ƙasa. Heihachi tsohon masunci ne, kunnensa ɗaya ya mutu, gwiwoyinsa ma sun kusa bin sahu. Ni kuwa na bar kifin da nake shanyawa a buɗe, na san tsuntsayen teku suna can suna biki. Amma Tokiko ce ta ce a kawo injin, kuma a wannan makon babu mai iya yi mata musu.

Mijinta, Genzo Kuramochi, maƙwabcina ne, bangon katako kawai ya raba mu. Yana da ɗan shagon shayi a bakin tashar jiragen ruwa, inda tsofaffin gari ke taruwa da rana su yi waƙa har rana ta yi sanyi. Wasan da aka san shi da shi ɗaya ne: ka jefa masa kowane sauti, "ka" ko "mi" ko "sa", nan take zai ɗauko waƙar da sunanta ya fara da shi, ya rera, ya ƙara da wata. Ga faɗa. In ka kauce wa kiɗa sai ya kashe injin, ya ce, "Gida za ka je ka yi wa kyanwarka wannan."

A ƙarshen hunturu ya faɗi a bayan kanta, ɓarin jikinsa ya shanye. Asibiti suka riƙe shi, suka gaji, suka maido shi gida. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, sauti ɗaya tak ya rage masa.

"Yu," in ji shi. "Yu. Yu."

Da safe shi ne, da rana shi ne. Ta bango nake jin sa, har na kasa zama a ɗakina. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in ɗora ruwa in manta. Tokiko ta ce waƙa yake nema, ba shakka, wasansa ne ya juyo mana da shi.

Muka ajiye injin a gefen shimfiɗarsa. Heihachi ya danna harafin, sunaye suka zubo a allon kamar ba za su ƙare ba. Dusar ƙanƙara, mafarki, maraice, dukkansu da "yu" suke farawa a yarenmu, kuma babu mawaƙin da bai taɓa ɗaya daga cikinsu ba.

"Kai!" in ji Heihachi. "Genzo, ko a kwance sai ka wahalar da mutane? Ba ka iya zaɓar sautin da ba shi da 'ya'ya da yawa?"

Idon Genzo na hagu ya juyo ya kafe shi.

Muka fara. Ni na ɗauki waƙoƙin dusar ƙanƙara, Heihachi ya ce mafarki nasa ne. Tokiko ba ta waƙa, sai ta durƙusa tana kallon fuskar mijinta. Da mun shiga baiti na farko za ta ce, "Ba ita ba ce, wuce." Wani lokaci yatsunsa su motsa a kan bargo, mu riƙe numfashi, sai kuma ya ɗaga hannun ya bugi tabarma.

"Ita ce?" in tambaya.

"Ina! Heihachi ne ya riga kiɗan," in ji Tokiko. "Haushi yake ji."

Kafin kwana biyu labari ya zaga unguwa. Matar mai wanki ta zo da tata waƙar, mai gidan wankan unguwa ya rantse ya san wadda ake nema, ya rera, Genzo ya rufe ido kamar an ba shi magani mai ɗaci. Takalma suka cika bakin ƙofa. Kowa ya tafi sai ya dawo, wai ya tuno wata a hanya. Ni kaina ina cikin yanka kifi sai in jefar da wuƙa in ruga. Shi kuma kullum ƙara ramewa yake, ruwan shinkafar ma ya daina haɗiyewa.

Ranar Asabar ɗansu Noriaki, ma'aikacin inshora, ya iso daga birnin Sendai. Rabonsa da gidan tun ranar da uban ya ce masa mai aikin inshora ba ɗansa ba ne. Ya tsaya a bakin ɗaki da jaka a hannu, Heihachi na tsakiyar kwarara ihu.

"Mama, mene ne haka? Mutum na jinya kun mai da ɗakin kasuwa?"

"Cire rigar sanyinka ka gai da babanka."

"Na yi magana da likita. Ya ce sautin ba lalle yana da ma'ana ba, harshe ne kawai ya maƙale. Jibi za a mai da shi asibiti."

"Ba inda za shi sai mun samo waƙar."

"In kuma babu ita fa?"

Ta tashi ta shige kicin, na bi ta. Na same ta tana dirzar tukunyar da take a wanke.

"Sachie, na gaji," ta ce, ba ta juyo ba. "Tun ina yarinya nake wanke kofuna a bayansa yana wa matan mutane waƙa. Bai taɓa ce min sannu ba. Yanzu sauti ɗaya ya rage masa a duniya, shi ma waƙa ya ba wa."

Noriaki ne a bayanmu, ban san ya shigo ba. Ya ɗauki tsumma yana juya shi a hannu.

"Mama," ya ce a hankali, "ai 'yafe min' ma da 'yu' take farawa a yarenmu."

Tokiko ta saki tukunyar. Ta dube shi, sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ubanka? Neman gafara? Ko ƙafarka ya taka cewa zai yi kai ka sa ta a hanya."

"Na sani. Ai ni ma ya taka tawa."

Daga ɗaki muryar ta sake fitowa, ta dushe sosai. "Yu."

Tokiko ta juye ruwan zafi a kwano, ta jefa tawul. Ta leƙa ɗakin ta ce wa Heihachi, "Kashe abin nan. Ku tafi gida, na gode." Ni ma na juya zan fita, ta ce in riƙe mata kwanon.

Ta durƙusa, ta matse tawul, ta fara goge masa goshi da bayan kunne da wuya.

"Tsoho, ka ji ni. In waƙa kake nema, mun kasa, ka yi haƙuri da mu. In kuma abin da yaron nan ya ce ne, to ban gama fushi ba, amma na yafe. Ka ji? Na yafe." Ta ɗaga kai. "Kai kuma tsayuwar me kake yi? Zo ka kama hannunsa, ni ba hannu uku gare ni ba."

Noriaki ya durƙusa ya ɗauki hannun hagun, ya riƙe shi kamar abin aro. Tururi na tashi daga tawul. Tokiko ta ci gaba da gugar, tana ɗan gunjin wani amo ta hanci, wanda ban san shi ba, ina jin ita ma ba ta san tana yi ba. Kafaɗun Genzo suka sauka. Ya buɗe baki, muka jira, sai ya rufe.

Bai sake cewa "yu" ba. Heihachi har gobe yana cewa amon da Tokiko ta yi ne waƙar. Noriaki dai ya kira asibiti ya ce a fasa turo mota. Mai gidan wanka kuwa cewa ya yi mu duka wawaye ne, a yarenmu ruwan zafi ma ai "yu" ne, mutumin wanka yake so. Na tambayi Tokiko, ta ce, "Oho. Shi ya sani."

Ranar Talata da hantsi ya cika, ɗansa na yanke masa farce.

Bayan an kai shi an dawo, baƙi sun watse, na fito shanya da safe sai na hango Tokiko a barandar sama. Ta rataya katifarsa a kan ƙarfen barandar don ta sha rana, ta ɗaga sandar kakkaɓa. Ramin da jikinsa ya yi yana nan a tsakiyar katifar. Ta daɗe a tsaye da sandar a sama, sannan ta sauke ta, ta jingina da bango, ta koma ciki.