Jan Fenti a Bakin Jupp

Ganguna na tashi a titunan birnin Kolon, ana watso alewa daga kan motocin bikin shekara, lokacin da Jupp ya saki hannun matarsa ya zube. Kansa ya daki gefen titi. Jama'a suka kwashe da dariya, wani ƙato mai hular ɗan fashin teku ya tuttula masa ragowar giyarsa a ƙirji.

"Tsoho ya yi tatul tun da hantsi!"

Matar tasa, Annegret, ta durƙusa a kansa. Ita ta yi masa kwalliyar wawan wasa da safe, kamar kowace shekara: farar hoda, jan hanci, da katafaren murmushi na jan fenti daga kunne zuwa kunne. Ta kira sunansa. Ya amsa da wata magana a cakuɗe, kamar mai tuwo a baki. Hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa.

Tun ranar da aka haifi 'yarsu Jupp ya rabu da giya. Ruwan tuffa yake zubawa a kofin giya don kada abokai su ishe shi da tsiya, domin a garin nan namijin da ba ya sha ranar biki kamar ya zagi kowa ne.

* * *

Tantin da aka kafa don 'yan maye aka kai shi. Aka shimfiɗe shi rigingine a tsakanin samari masu sheƙa amai, aka aje masa bokiti. Ma'aikacin jinyar da ke wurin, idanunsa sun yi ja don gajiya, ya sunsuna rigar Jupp ya wuce.

"Ɗan nan, dawo ka duba shi," in ji Annegret. "Ba ya sha."

"Mama, duk matar da ta shigo nan haka take cewa."

"Hannunsa ya mutu!"

"Na wancan ma ya mutu. Barci zai tashe su duka. Ku samu wuri ku zauna."

Jupp ya yi amai. Ma'aikacin ya nuna bokitin da haɓa, wai ga shaida. Annegret ta ji kamar ta kifa masa shi a ka. Gari guda an yarda a sha har a faɗi, an tanadi tanti da bokitai, amma an rasa mai sunkuyawa ya kalli idon mutum. Ta fita neman likita, wata mata mai fukafukan roba ta rungume ta tana waƙa. Ta ture ta har sai da fiffike ɗaya ya karye, kuma ba ta ji komai ba.

Da ta dawo, jikin Jupp na jijjiga, ƙafafunsa na dukan gado. Sai a lokacin ma'aikacin ya rugo, ya juya shi gefe, ya haska masa ido. Ƙwayar ido ɗaya ta buɗe ta ƙi tsukewa. Muryar ma'aikacin ta canza.

"Tun yaushe yake haka?"

"Tun lokacin da ka ce in zauna."

Motar asibiti ma sai da ta jira ayarin makaɗa ya wuce.

* * *

Likita ya ce jijiya ce ta fashe, jini ya taru a kwanya yana danne ƙwaƙwalwa. An buɗe an zuƙe, amma an makara. Zai rayu. Magana da ɓarin dama kuwa sun tafi.

Washegari wata nas mai suna Ilka ta ɗaga kan gadon, ta daidaita masa wuya, ta tallafe mataccen hannun da matashi. Sannan ta kawo ruwan ɗumi da auduga.

"Jiya ba a samu sukunin wanke masa fuska sosai ba. Za ku yi, ko in yi?"

Annegret ta karɓa. Ta bi jan fentin a hankali tana gogewa. A ƙarƙashinsa bakin ya karkace, ya zubo gefe guda, abin da ko yaro zai gane da kallo ɗaya. Can waje an fara wani kiɗan. Ta dubi audugar da ta rine ja, ta rasa inda za ta aje ta.